Neman Yaran da Ba Su San Mayen Ƙarfe Ba

Tun da na dawo daga Kibiya abokai suke tsare ni da tambaya, a ƙofar masallaci da wurin mai shayi, har da waɗanda rabona da su tun bikin yaye mu daga jami'a. Na kuma lura labarin yana sauya kama a bakin mutane. Wani ya ce korar mu aka yi daga garin, wani ya ce rago aka yanka mana. Babu ko ɗaya da ya faru. Saboda haka na ga ya fi dacewa in rubuta shi, iya abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji, inda kuma nake da shakka zan faɗa. Sunayen mutane na sauya su, sunan ƙauyen kuma na bar shi a cikina.

A tsangayar ilimi ta jami'ar da na gama akwai wani ɗaki da ake kira ɗakin gwajin koyarwa. Aji ne sosai, da allo da bencina, sai dai bangonsa ɗaya gilashi ne wanda na waje ke ganin na ciki, na ciki ba ya ganin na waje. Akan kwaso 'yan firamare a mota a kawo su, ɗalibin da ke koyon malanta ya koyar da su, malamansa suna bayan gilashi suna kallo. Awon mai sauƙi ne. Kafin darasi a yi wa yaran tambayoyi, bayan darasi a maimaita musu, tazarar da ke tsakanin amsoshin farko da na ƙarshe ita ce aikin malamin. Bayan na gama karatu na ci gaba da taimakawa a ɗakin, ni ke riƙe kyamara, ni ke yin tambayoyin.

Da tafiya ta yi nisa sai yaran makarantun da ke kusa da mu suka saba da ɗakin fiye da masu koyon malantar. Da sun shigo sai su ɗaga wa gilashin hannu su gaida shugabar ɗakin, Dakta Binta, da sunanta. Darussan kuma duk sun haddace su. Dakta ta yanke shawarar cewa ɗakin ne zai riƙa fita neman yara, a je inda ba a taɓa zuwa ba, a ɗauko darasin a bidiyo a kawo mata. Wanda tafiyar farko ta faɗa kansa shi ne abokina Sabi'u, ɗan shekarar ƙarshe. Ya taɓa faɗuwa wannan gwaji, domin da ya ga kyamara harshensa kan sarƙe. Dama ɗaya ta rage masa. Idan bidiyon bai nuna yara sun ƙaru da shi ba, zai maimaita shekara, abokan karatunsa su tafi bautar ƙasa su bar shi. Darasin da ya zaɓa shi ne maganaɗisu, wanda mutane suka fi sani da mayen ƙarfe.

Nasa mayen ƙarfen daga bayan wata tsohuwar sifika ya ciro shi, baƙi, zagayayye, da rami a tsakiya kamar ƙaramin gammo. Tun a tashar mota ya fara ba mu aiki. Sabi'u ya ajiye jakarsa a ƙasan bas, da aka ce ya ɗaga ta a wuce, jaka ta ƙi tashi. Bayan mun bar titin Zariya mun kama hanyar Rano, wata dattijuwa ta zo sauka a Bunkure, ta ja fantekarta, jakar Sabi'u ta biyo ta. Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi ta ce ita dai ta sha ganin ɓarayi, amma ba ta taɓa ganin wanda kayansa ke bin mutane ba. Kwandasta ya ba da shawarar a ɗora jakar a rufin mota tun da ba ta buƙatar igiya. Sabi'u ya ƙi, ya rungume ta a cinya, makullan maƙwabcinsa suna manne da ita har Rano.

A Rano muka ci dambu da zogale a gindin wata rumfa muna kallon duwatsu, sannan muka shiga ƙaramar mota zuwa Kibiya. Ina so in faɗa a farkon bidiyon ainihin inda muke, don haka na tambayi inda ƙasar Rano ta ƙare ta Kibiya ta fara. Direba ya ce a wata gada. Wani dattijo a gidan gaba ya ce gadar ta jiya-jiya ce, iyaka wata tsamiya ce da ke gaba. Wata mata a baya ta ce ita abin da ta sani, inda wayarta ke ɗauke sabis nan ne. Mun wuce gadar, mun wuce tsamiyoyi da yawa, wayata kuma ba ta ɗauke ba. Ba zan iya shaida wa kowa inda iyakar take ba, amma na tabbata mun tsallake ta, domin mun isa Kibiya. Daga can 'yan acaɓa suka kai mu ƙauyen, a mazaɓar Durba, ta cikin gonakin dawa da ta fi mu tsawo.

Hedimastan makarantar, Malam Iliyasu, dogon mutum ne mai fara'a, da alli a gefen hularsa. Ya sauke mu a shagon ƙofar gidansa, an share, an shimfiɗa sabuwar tabarma. A birni idan baƙo ya zo, ruwan leda da kwalbar lemo ake kawo masa, sannan a yi dabarar jin yaushe zai tafi. A can kuwa kowane gida na unguwar ya aiko da kwano: tuwon dawa da miyar kuka, ɗanwake, fate, fura da nonon da Fulanin gefen gari suka kawo. Malam Iliyasu ya gargaɗe mu cewa kada mu mayar da kwano ba mu taɓa ba, domin matar gidan za ta buɗe ta duba. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna yi wa kowanne rami. Da muka fito sallar Magariba wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce, “Ku ne masu mayen ƙarfe ko? Yana jan ƙusa, ba ya jan tsinke.” Na yaba wa saninsa, ban kawo komai a raina ba.

Washegari aka tara mana 'yan aji biyar, kowa da wankakken kaya. Na kafa kyamara, Sabi'u ya tsaya gefe yana share gumi, na fara tambayoyin kafin darasi. Na ɗaga ƙusa na tambaya ko mayen ƙarfe zai ja ta. Ajin gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya cewa zai ja ta, domin ƙarfe ce. Na ɗaga gawayi, suka ce ba zai ja ba. Kafin hannuna ya kai kan allura sun ba da amsarta. Suka ci gaba ba tare da an tambaye su ba, suka ce mayen ƙarfe yana da fuska biyu, masu kama da juna suna korar juna, mabambanta suna jan juna. Da na tsaya, wata yarinya a bencin gaba, Hajara, ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, “Malam, ka tsallake tagulla.”

Na kashe kyamara. Babu tambaya ɗaya da ta rage wa Sabi'u ya koyar.

A ofishinsa Malam Iliyasu ya tarbe mu da murna, yana jiran yabo. Ya ce tun ranar da Dakta ta kira shi a waya ta faɗa masa darasin, ya dakatar da lissafi da Turanci, aka duƙufa kan mayen ƙarfe safe da yamma. Yara sun kai shi gida, iyaye ma sun iya. Sabi'u ya tambaye shi dalili.

“Malam Sabi'u, ka taso tun daga Kano,” in ji shi. “Ka tsaya gaban yaranmu ka yi tambaya, su yi maka shiru, a gaban na'ura? Ai mun kunyata ka, mun kunyata gari. Baƙo ba ya tambaya a garin nan a rasa mai ba shi amsa.”

Na yi masa bayanin awon dalla-dalla, cewa abin da muka zo nema shi ne yaran da ba su sani ba, don a ga yadda za su sani. Ya juya maganar a ransa, sannan fuskarsa ta washe.

“Ashe rashin sani kuke nema. Da kun faɗa tun farko. Wannan ai ya fi sauƙi, ku ba ni zuwa gobe.”

Na ce masa abin da za a ɗauka ba zai zama gaskiya ba. Ya ce shi ma na yau da ya shirya ba a ce ƙarya ba ne. Na ba da shawarar mu tafi wata makaranta a Nariya, ya ce hedimastan can surukinsa ne, kuma ya riga ya karɓi darasin ya koyar, ko da za mu biya ta wajensu. Sabi'u ya ja ni waje ya roƙe ni in riƙe kyamara kawai, sauran in bar wa Allah. Na amince zan ɗauka, bisa sharaɗin cewa duk abin da Dakta ta tambaye ni zan faɗa mata yadda ya faru.

Abin da ya biyo baya na kalle shi a bidiyo sau da yawa, don haka ina da yaƙini a kansa. Na ɗaga ƙusa na yi tambayata, aji ya yi tsit. Na tambaya ko sun san sunan abin da ke hannuna, suka girgiza kai. Wani yaro, wanda daga baya na ji ɗan maƙeri ne, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ya tambaya ko ana ci. Sabi'u ya fara darasi, kuma ina shaida cewa ya yi ƙoƙari, harshensa bai sarƙe sosai ba. Da ya kusantar da mayen ƙarfen ƙusa ta yi tsalle ta manne, Hajara ta dafe ƙirji ta sulale ƙasan benci, na bayanta suka yi salati, wasu suka fice ta taga. Malam Iliyasu yana bakin ƙofa yana gyaɗa kai kamar mai kallon gonarsa ta yi kyau.

Aka dawo da su, Sabi'u ya kammala, na tashi yin tambayoyin bayan darasi. Na ɗaga ƙusar nan dai. Suka girgiza kai. Na ɗaga gawayi, suka ce Allah ne masani. Ashe Malam Iliyasu ya umarce su da su manta, amma bai faɗa musu lokacin da za su tuna ba, su kuwa yara ne masu biyayya. Ya yi ta yi musu alama da hannu daga ƙofa, suka ɗauka cewa yake su ƙara, ɗan maƙerin ya ce yanzu ko sunan malamin ya ɓace masa.

Da yamma muka zauna a shago muka dubi abin da muke da shi. Bidiyon farko ya nuna yara sun san komai kafin Sabi'u ya buɗe baki. Na biyu ya nuna ba su san komai ba bayan ya koyar da su. Idan aka jera su yadda suka faru, Sabi'u ya zama malamin da ya zo ya tarar da ilimi ya kwashe shi. Malam Iliyasu ya kawo mafita: a sa na yau a farko, na jiya a ƙarshe, kowa ya huta. Sabi'u ya juyo ya dube ni. Na daɗe ban ji nauyin kallo irin wannan ba, domin na san mahaifiyarsa, na san ta riga ta fara gaya wa maƙwabta ɗanta ya kusa gamawa. Na ce ba zan iya ba. Kwanukan da aka aiko ranar, ni kaɗai na yi musu ramuka, Sabi'u ya juya fuska bango.

Da safe muka ɗaure kaya muka biya makaranta yin sallama, yara suna tsaye a layi a fili. Sai ga mai unguwa, Alhaji Bala, da sandarsa. Jikarsa ta ba shi labarin jiya, ya zo ya ji dalilin da za a kai hoton 'ya'yan garinsa birni a nuna ba su san ƙusa ba, alhali da ƙusa aka kafa rufin da aka haife su a ƙarƙashinsa. Ya ce a goge. Na yi masa alkawarin cewa mutum ɗaya ce za ta gani, kuma zan isar mata da buƙatarsa. Ya ɗan sauko, ya ce to a nuna masa abin da ya jawo duk wannan.

Sabi'u ya miƙa masa mayen ƙarfen. Ƙararrawar makarantar tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen darbejiya, Alhaji ya kai shi kusa don ya gwada, abin ya ƙwace daga hannunsa ya manne. Ya ja, ya ƙi. Ya ba Malam Iliyasu sandarsa ya sa hannu biyu ya fizga, abin ya kuɓuce ya faɗi kan dutsen da ke gindin bishiyar, ya rabe gida biyu.

Layin yara ya watse, suka kewaye gutsattsarin. Ɗan maƙerin ya ce ya mutu. Wani ya ce ƙarfin yana cikin babban ɓarin, ƙaramin fanko ne. Hajara ta juya ta tambayi hedimasta wanne ne daidai, amma wannan ba ya cikin abin da ya shirya. Gardama ta kaure, kuma a karon farko tun zuwanmu na ji yaran suna magana da muryoyi daban-daban. Na ciro kyamara na kunna, na ce kowa ya ɗaga hannu a kan abin da yake zato, na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu sun ce ya mutu.

Sabi'u ya tsuguna a cikin ƙasa da farar shaddarsa. Bai dube ni ba, ina jin ma ya manta ina wurin. Bai ba su amsa ba, ya miƙa wa ɗan maƙerin ƙaramin ɓarin da ƙusa ya ce ya gwada gawar. Ƙusa ta manne. Babban ma ya ja. Sannan ya ce Hajara ta mayar da su yadda suke a haɗe. Ta kusantar da su, suka ture juna. Ta sake, suka zame gefe. Wani ya ce sun yi faɗa ne, ba za su shirya ba. Alhaji Bala ya karɓa ya matsa da ƙarfinsa, suka ƙi, ya ce a kawo ƙaramin yaro mai hannun sa'a.

Daga baya Sabi'u ya gaya mini shi ma bai zaci haka ba, sai da ya yi tunani a wurin. Ya tambayi yaran abin da suka rera shekaranjiya game da fuskoki. Suka fara rerawa, ya tsayar da su, ya ce mutum ɗaya ya faɗa a hankali yana kallon abin da ke hannun Alhaji. Ya shafa alli a saman kowane ɓari, ya tambaya ko waɗannan fuskoki biyu masu alli iri ɗaya ne ko mabambanta. Aka yi shiru na gaske, irin wanda ba a umarci kowa da shi ba. Can Hajara ta ce, a hankali, “To a kifa ɗaya mana.” Ta kifa ƙaramin, suka haɗe da ƙara har ta janye yatsa.

Sabi'u ya ɗauki dutse ya sake fasa babban ɓarin, ya ce kafin a taɓa kowa ya faɗi abin da zai faru da dalilinsa. Na sake bin fuskokinsu da kyamara. Waɗanda suka ce ya mutu ɗazu, yanzu suna gardamar ta wace fuska za a kifa. Ɗan maƙerin ya roƙi a ba shi guntu ya kai wa babansa. Aka raba gutsattsarin, Alhaji Bala ya sa nasa a aljihu, makullin babur ɗinsa ya bi shi.

A hanyar dawowa Sabi'u ya yi barci tun daga Kibiya har Kwanar Dawaki, jakarsa a ƙasa, ba ta riƙe kowa ba. Na kai wa Dakta Binta bidiyon uku a jere yadda suka faru, na ba ta labarin kowanne, na kuma isar da saƙon mai unguwa. Na biyun ta kalle shi har ta cire tabarau tana share ido, sannan ta sa na goge shi a gabanta. A kan na ukun ta yi hukunci. Ta rage wa Sabi'u maki saboda ya juya wa kyamara baya kusan daga farko har ƙarshe, amma ya ci. Yanzu haka yana jiran a tura shi bautar ƙasa.

Dakta ta ce makarantar ta yi mata, zangon karatu mai zuwa za a sake tura wani ɗalibin, ta umarce ni in sanar da hedimasta amma kada in kuskura in faɗi darasin. Na kira shi. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, na faɗa masa, na kuma roƙe shi kada ya shirya komai.

“Haba Malam Nazifi, ai yanzu mun gane aikinku,” in ji shi. “Mun keɓe muku 'yan aji huɗu. Tun ranar da kuka tafi ba wanda ya koya musu ko harafi ɗaya. Duk darasin da kuka zo da shi, za ku same su sababbi fil.”

Na miƙe tsaye da wayar a kunnena. Na roƙe shi don girman Allah ya mayar da malaminsu aji gobe da safe, na ce idan bai yi ba ni da kaina zan hau mota in zo. Na ji yana shawara da wani a gefensa, sannan ya dawo.

“To, shi ke nan, za a koya musu. Amma ka shaida wa Dakta kai ka ce, kada ku zo ku ce mun ɓata muku su.”